Hutun gasa ba hutun doka ba ne: jan hankali ga masu gudun dogon zango a Zariya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu ja hankalin masu gudun dogon zango da masu tseren keke na sha'awa a Zariya da kewaye, tare da masu horar da su da masu kemis ɗin da suke sayen magani a hannunsu. Batun magungunan ƙara kuzari ne, amma ba na ranar gasa ba. Abin da ya fi damun mu shi ne wanda ake haɗiya ko ake tsirawa a watannin da babu gasa, lokacin da ake cewa ana hutu.

Duk wanda ya bi hanyar Samaru zuwa Shika bayan sallar asuba, ko daga Kwangila zuwa PZ, ya san masu gudu sun ƙaru: ɗalibai, ma'aikata, masu shirin neman aikin ɗamara, har da magidantan da likita ya ce su rage teɓa suka zarce da abin. Gasannin da ake hari kuwa kaɗan ne. Gudun fanfalaki na Legas, wanda aka fara a 2016, a watan Fabrairu ake yin sa, na Okpekpe a jihar Edo mai kilomita 10 yakan zo wajen Mayu, sai 'yan wasannin jami'o'i da na jiha. Tsakanin wannan da wancan akwai watanni, ga bazara, ga damina, ga azumi. A nan tsoro ke shiga, mutum yana ganin ƙarfin da ya tara zai zube, sai wani ya raɗa masa cewa akwai abin da zai riƙe shi, kuma ai kafin gasa ta zo ya fita daga jiki.

Wannan magana kuskure ce ta fuskar doka, kuskure ce ta fuskar jiki.

Hukumar WADA mai yaƙi da shan haramtattun magunguna a wasanni ta duniya, wadda aka kafa a 1999 bayan badaƙalar tseren keke na Faransa ta 1998, tana fitar da jerin haramtattun abubuwa da ke fara aiki ranar 1 ga Janairun kowace shekara. Jerin gida biyu ne. Akwai waɗanda aka hana a cikin gasa kawai, wato daga ƙarfe 11:59 na daren jajibirin gasar har a gama ɗaukar samfuri. A nan ake samun magungunan zaburarwa, wiwi, dangin dexamethasone (dexa) na sha da na allura, da tramol wanda aka shigar tun 1 ga Janairun 2024. Gida na biyu kuwa haramun ne kullum, da gasa ko babu: dangin testosterone masu gina tsoka, EPO mai ƙara jini, sinadarin girma, magungunan sa fitsari, insulin, da ƙarin jini ba don jinya ba. Ba don ƙuntatawa aka ware na biyun ba. Amfaninsu a lokacin atisaye yake, kuma yana daɗewa bayan ƙwayar ta ɓace daga fitsari. Jar ƙwayar jini tana rayuwa kusan kwana 120, don haka jinin da aka ƙara a lokacin hutu da shi za a shiga gasa. Masana a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe sun ba ɓeraye testosterone na mako biyu kacal, suka janye, suka jira wata uku. Da aka sa su aiki, tsokar waɗanda aka taɓa ba wa ta ƙaru da kashi 31 cikin ɗari a kwana shida, ta sauran da kashi 6. A 2013 aka buga sakamakon. A ɓera aka gani, amma ya isa ya nuna abin da ya sa ake kallon mai yin haka a lokacin hutu a matsayin maguɗi cikakke.

Manyan da aka kama ma, da yawansu ba a filin gasa aka kama su ba. Rita Jeptoo ta Kenya a gwajin bazata na Satumban 2014 aka samu EPO a jikinta. Jemima Sumgong, wadda ta ci zinaren gudun fanfalaki a wasannin Olamfik na Riyo a 2016, ita ma a gwajin da ba na gasa ba ta faɗa a farkon 2017. Tamu Blessing Okagbare, samfurin da aka ɗauka ranar 19 ga Yulin 2021, kafin a fara wasannin Olamfik na Tokiyo, shi ya sa aka dakatar da ita ana tsakiyar gasar, hukuncinta ya kai shekara 11. A Tokiyon nan dai aka hana 'yan Najeriya goma shiga, ba don an same su da komai ba, sai don ba a yi musu gwajin bazata sau uku cikin wata goma kafin gasar ba kamar yadda ƙa'ida ta tanada.

Ɗan sha'awa zai ce, to ni wa zai gwada ni? Gaskiya ne ba kasafai ake yi ba. Babu ɗakin gwajin da WADA ta amince da shi a Najeriya, sai an kai samfuri waje, abin da tsada. Amma duk wanda ya sa hannu a takardar shiga gasar da ke ƙarƙashin hukumar wasanni ya amince a gwada shi, kuma a 2012 an kama mutum biyu da EPO a tseren keken 'yan sha'awa na New York a Amurka. Idan an zaɓe ka, jami'i zai nuna maka katinsa, ba zai rabu da kai ba har ka ba da fitsari. Kai za ka zaɓi kofin da ke cikin leda a rufe. Jami'in jinsinku ɗaya ne, kuma sai ya ga fitowar fitsarin da idonsa, riga a ɗage, wando a sauke zuwa tsakiyar cinya. Ana buƙatar aƙalla mililita 90, kai da hannunka za ka raba shi a kwalba biyu, A da B, ka murɗa murfin har ya daina ƙara, ka duba lambar kwalba ta yi daidai da ta takarda. Za a ce ka rubuta duk abin da ka sha cikin kwana bakwai, har da na gargajiya. Ƙin ba da samfuri daidai yake da kamawa, dakatarwar shekara huɗu ce. Ana iya ajiye kwalbar har shekara goma a sake buɗewa. Kuma ba a tambayar niyya kafin a ce an yi laifi: abin da aka samu a jikinka naka ne, ko wa ya ba ka.

A ganinmu duk da haka gwaji ne ƙaramin abin tsoro. Ƙwararren da ya yi maguɗi yakan kasance da likitan banza a bayansa mai auna masa jini. Ɗan sha'awa shi da mai kemis ne, ko wani a ɗakin ɗaga ƙarfe da ya ji a wayar salula.

Mu ɗauki EPO. Ƙoda ce ke samar da shi ta umarci ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, na kwalba kuma an yi shi ne don masu ciwon ƙoda da masu jinyar daji da jininsu ya yi ƙasa. Gwajin PCV, wato ma'aunin kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, na lafiyayyen namiji yakan faɗa tsakanin 40 da 50. Idan aka tura shi sama da haka jinin yana kauri, kamar kunun da ya huce ana son a zuƙe shi ta tsinke. Mai gudun da ya horu zuciyarsa takan sauka zuwa bugu 45 ko 50 a minti idan yana barci, ga jini mai kauri yana tafiya a hankali, nan gudan jini ke samun damar ƙulluwa. Idan ya tsaya a ƙafa sai ƙwauri ɗaya ya kumbura, idan ya ɓalle ya tafi huhu numfashi ya sarƙe, idan ya je ƙwaƙwalwa ɓarin jiki ya shanye. A ƙara da namu yanayin: zafin Maris da Afrilu, gumin lita ɗaya ko fiye a awa guda na gudu, ko azumin sa'o'i goma sha uku da ɗoriya babu ruwa. Duk ruwan da ya fita daga jini kaurin yake ƙarawa. Hukumar tseren keke ta duniya a 1997 ta taɓa sa doka cewa wanda PCV ɗinsa ya wuce 50 ba zai hau keke ba sai ya huta, kuma da sunan kare lafiya ta yi ta. Ban da wannan, allurar tana tayar da hawan jini, kuma dole ta zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya san halin wutarmu ya san abin da ke faruwa da firji a unguwa daga dare zuwa safiya. Kwalbar da ta sha zafi a akwatin babur ko dai ta mutu, ko ma tun asali jabu ce.

Abin takaicin, ribar ma ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. A ƙasar Holan an raba 'yan keke na sha'awa 48 da suka horu gida biyu, rabi aka yi musu EPO na mako takwas, rabi ruwan gishiri, babu wanda ya san nasa. A na'urar ɗakin gwaji masu EPO sun ɗan yi gaba. Da aka kai su tseren hawan dutsen Mont Ventoux a Faransa, duka ɓangarorin sun yi wajen awa ɗaya da minti 40, babu bambancin kirki. A 2017 aka buga wannan.

Dangin testosterone kuwa, irin su nandrolone da stanozolol da wanda ake yi wa dawaki, su ne aka fi tallata wa mai jinyar rauni da sunan saurin warkewa. Da zarar na waje ya shigo, ƙwaƙwalwa takan daina aika saƙo ga 'ya'yan maraina, su daina aikinsu, su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har ya iya ƙarewa. Bayan an daina yakan ɗauki watanni kafin jiki ya farfaɗo, wani fiye da shekara, kuma a tsakanin nan ga kasala, ga mutuwar sha'awa, ga baƙin rai. Saurayin da ke shirin aure ya auna wannan da kyau. Na haɗiya sun fi cin hanta, alamar farko idanu su yi ɗorawa irin na shawara, fitsari ya yi duhu. Tsoka tana girma fiye da yadda jijiya ke iya bi, shi ya sa agara ke tsinkewa ana tsaka da gudu. Mace muryarta takan buɗe, gashi ya fito a haɓa, al'ada ta rikice, kuma muryar ba ta komawa. Yaron da bai gama tsawo ba ƙashinsa na iya rufewa da wuri. Ga mai lissafin cewa zai fita kafin gasa: ɓurɓushin nandrolone na allura yana iya kai wata da watanni a fitsari, wani lokaci fiye da shekara. Idan kuma sirinji ɗaya ake zagayawa da shi, an buɗe ƙofar ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau.

Dexa da tramol ba su cikin waɗanda dokar wasanni ta hana a lokacin hutu, kuma wannan ne ya sa ake raina su. Wanda ya sha dexa kullum fiye da mako uku, jikinsa yakan daina samar da nasa sinadarin. Fuska ta cika, sukari da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni, tsokar cinya, wadda ita ce jarin mai gudu, ta zube. In ya yanke rana ɗaya jiri da amai da faɗuwar jini na iya kwantar da shi, don haka sai likita ya riƙa rage masa sannu a hankali. Ko wanda aka rubuta wa don jinya ya san tazarar da WADA ta bayar kafin gasa: kwana 3 ga yawancin na haɗiya, kwana 5 ga allurar dexa ta tsoka, kwana 60 cur ga allurar triamcinolone ta tsoka. Wannan na ƙarshe shi ya raba Diana Kipyokei da kambin gudun fanfalaki na Boston na 2021. Tramol kuwa iyakar da likita ke bayarwa a yini miligiram 400 ce, na bayan fage mai 225 guda biyu sun haura, kuma daga nan jijjiga irin ta farfaɗiya ke farawa. Yana rufe zafin da ke gaya maka ƙashin ƙwauri ya fara tsagewa, sai ka ci gaba da takawa har ya karye. Lasix, maganin sa fitsari da ake sha don rage nauyi, ruwa kawai yake zubarwa, ya tafi da gishirin potassium, tsoka ta ɗaure, bugun zuciya ya rikice, kuma shi haramun ne kullum.

Akwai kuma waɗanda ke faɗawa ba da niyya ba, kuma muna zaton su ne suka fi yawa a garin nan. Na farko ƙarin ruwa. Al'adarmu ce mutum ya ji gajiya ya kira ma'aikacin lafiyar unguwa ya ɗaura masa leda a ɗaki. Dokar WADA ta hana shigar da fiye da mililita 100 ta jijiya cikin awa 12, ko da ruwan gishiri ne zalla, sai in a asibiti ake jinya, ko tiyata, ko wani binciken likita. Leda ɗaya mililita 500 ce, ninki biyar ke nan. Na biyu masu asma, waɗanda ƙurar hunturu ke tayar wa. Salbutamol na shaƙa halal ne muddin bai wuce maikrogiram 600 a awa 8 ba, da 1,600 a awa 24. Fesa ɗaya 100 ce, wato shida da goma sha shida. Amma Ventolin (salbutamol ɗin ne dai) na ƙwaya da na ruwa, waɗanda aka fi miƙo wa mutum a kemis saboda araha, haramun ne a kowane lokaci. Na uku magidanta masu hawan jini: Moduretic da duk wanda aka haɗa da hydrochlorothiazide suna cikin masu sa fitsari, alhali amlodipine da lisinopril ba su da matsala. Mace mai neman haihuwa da aka ba Clomid a lokacin hutunta ita ma ta shiga jerin, haka mai ciwon sukari da ke allurar insulin.

Babu wanda muke ce wa ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa. Akwai takardar izinin jinya da ake kira TUE. Likita ya rubuta cutar, da sakamakon gwajin da ya tabbatar da ita, da sunan magani da adadinsa, a miƙa ta hannun hukumar wasan aƙalla kwana 30 kafin gasa. Ƙananan 'yan wasa galibi ana ba su damar nema bayan an gwada su, amma sai in takardun asibitin suna nan, don haka kada a yar da kati ko takardar magani. Wajen dubawa kuma, sunan sinadarin da ke rubuce da ƙananan baƙaƙe a jikin kwali ake nema, ba sunan kasuwa ba, a sa shi a shafin intanet na duba magungunan 'yan wasa mai suna Global DRO ko a jerin WADA na shekarar da ake ciki. Garin ƙarin ƙarfi na gwangwani ba ya dubuwa ta wannan hanya, domin abin da ke ciki ba lallai ne ya zama abin da aka rubuta ba. Ɗakin gwaji na Kolon a Jamus ya auna irinsu 634 daga ƙasashe 13, ya samu 94, kusan kashi 15 cikin ɗari, ɗauke da sinadaran gina tsoka da ba a ambata ba. Lambar NAFDAC ba shaidar WADA ba ce. Haɗin gargajiya na jarka da ba a san mai haɗa shi ba, a bar shi kawai.

Tsoron zubewar ƙarfi da ke jawo duk wannan ya wuce kima. Wanda ya daina atisaye ɗungurungum yakan rasa kusan kashi 7 cikin ɗari na ƙarfin numfashinsa a mako uku, kashi 16 a wata biyu. Amma binciken da aka yi a Amurka a farkon shekarun 1980 ya nuna wanda ya rage fita daga kwana shida zuwa biyu a mako ya riƙe ƙarfinsa har mako 15, da sharaɗin bai rage zafin atisayen ba. Don haka bayan gasa a huta mako biyu da tafiya da ɗan sassarfa, sannan a koma kwana uku a mako. Rana ɗaya a ɗumama jiki minti 15, a yi gudu mai zafi na minti uku sau biyar da sassarfar minti biyu a tsakani. Rana ɗaya doguwar tafiya ta awa guda a saurin da za a iya hira. Ta uku ta ƙarfafa ƙafa, tsugunne-tashi ko hawan gangaren Kufena. Da azumi, mai sauƙin a yi shi minti 30 kafin shan ruwa, mai zafin a bari sai bayan tarawihi. A hau sikeli kafin fita da bayan dawowa, duk kilo ɗaya da ya ragu a mayar da lita ɗaya da rabi a hankali.

Wanda kuma yake jin ƙafa ta yi nauyi, numfashi ba ya kaiwa, kafin ya nemi allura ya je a yi masa gwaji huɗu: PCV, zazzaɓin cizon sauro, bayan gida don tsutsar ciki, da rukunin jini na sikila. Namijin da PCV ɗinsa ya gaza 39, ko mace 36, jininsa ya yi ƙasa, kuma sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. Hanta, nama, wake da zogale suna taimakawa, a haɗa da lemon zaƙi, a kuma raba shayi da abinci da kamar awa ɗaya domin yana tare shigar sinadarin. Mai kilo 60 yana buƙatar wajen giram 90 na abinci mai gina jiki a yini. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, sauran awara da nono da ƙuli-ƙuli da kifi za su cike.

Roƙonmu ga masu shirya gasanni da sassan wasanni na manyan makarantun Zariya shi ne su mayar da wayar da kai zuwa watannin hutu, maimakon jawabin minti biyar a bakin layin tashi. Masu horarwa su san cewa ba wa ɗan wasa haramtaccen abu laifi ne da hukuncinsa ke farawa daga shekara huɗu har zuwa haramci na har abada, musamman idan yaro ne. Masu kemis kuma su daina miƙa allurar gina tsoka da dexa ba da takardar likita ba. Wanda ya riga ya fara, in ya ga ƙwauri ɗaya ya kumbura yana zafi, ko ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko baki ya karkace, ko ido ya yi ɗorawa, a garzaya da shi sashen gaggawa na asibitin koyarwa da ke Shika ko asibiti mafi kusa. A tafi da kwalbar ko kwalin, a gaya wa likita ranar da aka fara da ranar da aka yi na ƙarshe.

Mun gode da filin da ka ba mu.

Naka,
Wasu masu horar da 'yan gudu da ma'aikatan lafiya,
Samaru, Zariya.